Takardar da Goggo Ta Ɓoye a Ƙasan Akwati

Ina da shekara arba'in da biyu na shiga ajin koyon karatu na manya a unguwar Hindawiyya ta Jidda, kuma saboda takarda ɗaya na shiga.

Goggona, ƙanwar mahaifina, ɗanwake take sayarwa a unguwar Karantina, nan Jidda. Kafin nan, lokacin yaƙin basasar Najeriya, ta yi wa sojoji leƙen asiri. A kudu ta girma, tana jin yaren can. Takan ɗauki tiren busasshen kifi ta tsallaka ɓangaren abokan gaba. Kowace babbar bindiga ta gani sai ta yi ƙulli a bakin zaninta, kowace motar soja ƙulli a ɗankwali. Hafsan da take kai wa labari ya hana ta riƙe rubutu, ya ce takarda kashe mutum take yi. Idan ta ba da wannan labari a Karantina, dariya matan ke yi: "Janar, zuba mana na yaji!"

Wata shekara bayan Hajji muka ji hafsan nan ya sauka a Jidda, ya yi ritaya, ya yi tumbi. Na raka ta masaukinsa. Ya gane ta. Na ga idonsa, wallahi ya gane ta.

"Ranka ya daɗe," in ji Goggo, "shaida kawai nake so. Ka rubuta cewa na yi aiki."

Ya yi rubutu a tsaye, ya miƙa mata, ya ce, "Halas, shi ke nan, Hajiya, ina da baƙi."

Ni da ita ba mai karatun boko. Na ce mu kai wa malamin unguwa ya duba. Ta ƙi. "Bare ba ya ganin takardar yaƙi. Kai za ka karanta, ɗana." Ta naɗe ta cikin leda, ta tura ƙasan akwati.

Shekara biyu ina dawowa daga aikin gini, ina zama kan benci ina haɗa baƙaƙe. Ban taɓa gajiya ba. Ranar da na ji na iya, ta fito da takardar, ta gyara zama kamar za a naɗa mata sarauta.

Layi biyu ne, da Hausa: a taimaka wa wannan tsohuwa, mabuƙaciya ce. Ko sunanta bai sa ba. Matar da aka tsare sau uku a shingen soja ana zazzage mata tire, ita ya mayar 'yar bara! Shi da ya zauna a inuwa yana jiran ƙullin zaninta, shi ke da lambar girma a ƙirji.

"Me ya ce?" in ji ta.

Na so in yi mata ƙarya. Na kasa. Na karanta mata yadda yake.

Ta miƙo hannu, na ba ta. Sannan ta yaga takardar, ta cusa a murhu.

"Yalla, maza ɗauko littafinka da biro," ta ce. "Ni zan faɗa, kai ka rubuta. Fara da ranar da na yi ƙulli bakwai."