Robar Famfo Guda Ɗaya

Lokacin da nake aikin kanikanci a wani ofishin ruwa a nan Minna, Turawan wata ƙasa suka haɗa hannu da gwamnati aka haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan wajen Kagara, aka kafa musu famfon tuƙa-tuƙa. Ban yi nisa a boko ba, firamare na tsaya, amma cikin famfon nan na san shi sarai. Can ƙasa akwai wata roba mai kama da ƙaramin kofi, ita ke ɗago ruwa. In ta cinye, ko wuni ka yi kana tuƙawa ɗigo ba zai fito ba.

Ba a daɗe ba robobin duk suka cinye. Babu irinsu a kasuwar Minna, a sitonmu kuma guda ɗaya ta rage. Mutane suka koma kududdufi.

Ana nan sai aka ce wata Baturiya za ta zo ta duba ko aikin ya yi amfani. Maigidanmu ya kira ni ofis ya tura ƙofa. Ya ce in ta tarar da famfuna a mace za a rufe aikin, kowa ya koma gida. Iyalina suna unguwar Barkin Sale a gidan haya, ga 'ya'ya ƙanana. Ba zan ɗora masa laifin duka ba, domin shi tsoro kawai ya kawo. Dabarar tawa ce. Na ce tunda ƙauye ɗaya za ta gani kowace rana, sai in riƙa yin gaba da leburori, mu sa sabuwar roba, in ta wuce mu cire mu kai ƙauye na gaba.

Haka muka yi. A ƙauye na uku akwai wani dattijo da aka ɗora wa kula da famfo. Ko bayan famfon ya mutu bai fasa share gindinsa kowace safiya ba. Da ya gan mu ya tashi yana dariya.

"Mai sufana, ashe kana duniya? Mu mun ɗauka kai ma robarka ta cinye."

"Ina nan, Baba. Ga shi na kawo muku sabuwa."

Ya tsuguna kusa da ni har muka gama zaro sandunan ƙarfe, yana kallon kowane motsin hannuna. Da ruwa ya fito bai sha ba, ƙafarsa ya fara wankewa. A idon sawunsa na ga tabon kurkunu, tsutsar nan da ake sha a ruwan kududdufi ta fito wa mutum a ƙafa.

"Wannan tamu ce ko ta baƙuwa?" ya tambaye ni.

"Taku ce, Baba. Amma gobe in ta tambaya, kada ka kunyata mu."

Washegari Baturiyar ta iso da littafinta da tafinta. Ba ta da girman kai, ita da kanta ta kama hannun famfon ta tuƙa, mata suna yi mata dariya wai ba ta ci tuwo ba. Sannan ta sa aka tambayi dattijon ko famfon ya taɓa tsayawa, ko akwai abin da suke bukata. Ya dube ni. Ni kuwa na duƙa ina goge sufanar da babu datti a jikinta.

"Sai godiya," ya ce.

Ta rubuta. Motarta ba ta gama ɓacewa ba na ce wa leburori su kawo kayan aiki. Mata suna layi da bokitai da tuluna. Na ce musu gyara kaɗan za mu yi, jibi zan dawo. Dattijon ya matso kusa. Shi ya riƙe mana sandunan ma, don kada su sha ƙasa.

Daga baya tafintan ya gaya mini abin da ya kawo ta. An aiko ta ne ta gano ko ya kamata a turo kayan gyara, a kuma koya wa mutanen ƙauye aikin. Tunda ta ga komai lafiya, ta rubuta cewa aiki ya tsaya da ƙafarsa. Turawan suka yi mana yabo suka tattara suka tafi wata jiha. Aikin da na yi ƙarya don kada a rufe, an rufe shi da shan lemo da ɗaukar hoto.

Da damina ta faɗi, dattijon ya same ni a bakin ofis ina jiran takardar canjin wurin aiki. Motar doya ta kawo shi. Yana dogara sanda, ƙafar ɗaure da tsumma. Ya ce bana bai yi shuka ba, haka ma rabin magidantan ƙauyen, duk suna kwance da kurkunu.

"Ban zo faɗa ba, ɗana. Robar kawai za ka ba ni. Na ga yadda kake sa ta."

Na buɗe akwatin kayan aikina na ɗauko masa. A ƙauye na ƙarshe, garin cirewa da sakawa, bakinta ya yage. Ya juya ta a tafin hannunsa, ya sa yatsa a yagewar.

"Da ka bar ta wuri ɗaya," ya ce, "ko ba namu ba, da wani ƙauyen ya sha."

Ya miƙo mini ita. Na so in ce ya yafe mini, amma abin da ya fito daga bakina shi ne ya gaida gida. Na raka shi tasha, tafiyar da ba ta da nisa, muka yi ta tsayawa yana hutawa. Ban sake zuwa ƙauyen ba. Na san hanya, mota ma ba ta yi wuya ba. Ban dai je ba.