Sanɗar Alhaji Mamman

Har gobe ban manta da ranar da ɗan sanda ya shigo mana sashen gashi riƙe da hannun Alhaji Mamman mai goro ba. Lokacin ina mataimakin jinya a wani ƙaramin asibiti a unguwar Amriguébé, cikin shekarun dubu biyu. Sashen gashi shi ne inda ake gasa gaɓoɓi, ake kuma koya wa masu ciwon ƙafa tafiya. Likitanmu a ƙasar Sin ya yi karatu, Faransanci yake yi, ni nake juya wa tsofaffinmu da Hausa.

Alhaji ya haura saba'in, ya kuma faɗi sau biyu a hanyar kasuwa. Babban ɗansa Habibu ya karɓe makullin rumfa, ya ce sai dai Baba ya zauna a gida. Na ji tausayin tsohon nan ƙwarai, don mutumin da ya saba da hayaniyar kasuwa, zaman zaure kashe shi zai yi.

Likita ya ce a koya masa tafiyar taici, wani motsa jiki na mutanen Sin. Ka sassauta gwiwa, ka ɗora nauyinka a ƙafa ɗaya, ka ɗaga ɗayar a hankali, ka ajiye diddige tukuna, sannan nauyi ya biyo baya. Ya gwada masa. Alhaji ya ƙura masa ido ya ce, "Yaro, gaya wa likitanka wannan a garinmu sanɗa ake ce mata. Ɓarawo ya ɗauke ni?"

Na ce, "Baba, ko sanɗa ko zaman gida."

Ashe maganar ta shige shi. Kunya ta hana shi yi gaban iyali, sai ya riƙa fita lungun bayan gida da rana tsaka, lokacin da zafi ya kori kowa ɗaki. Ana gab da babbar salla, maƙwabcinsa Balarabe ya ɗaure rago a ƙarshen lungun. Mutumin ya leƙo ya ga wani ya yane kai da rawani, yana taku ɗai-ɗai, ya nufi ragon. Ya kwarma ihu, "Sarrag! Ɓarawo!" Samari suka yo kan Alhaji kafin a gane fuska. Ɗan sanda ne ya ƙwace shi, da ya ce likita ne ya sa shi, sai ya kawo shi asibiti.

Ɗan sandan ya tambayi majo, wato shugaban masu jinya, ko da gaske mu muka sa shi. Majo ya kasa magana don dariya, sai likita da kansa ya yi sanɗar daga ƙofa zuwa taga, ɗan sanda yana kallo baki buɗe. Habibu ya iso yana huci, yana cewa an zubar musu da mutunci a unguwa.

Alhaji kuwa ko a jikinsa. Ya nuna Habibu ya ce wa ɗan sandan, "Ranka ya daɗe, faɗa wa wannan yaron. Da ƙartin nan suka bangaje ni, na kai ƙasa?"

Ɗan sandan ya ce, "Bai faɗi ba. Rawanin ne ya faɗi."

Alhaji ya miƙa wa Habibu tafin hannu. Habibu ya laluba aljihu ya ajiye masa makullin.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku riƙe wannan. Mu ƙafa muke dubawa, amma tsoho ba karaya yake tsoro ba. Ya gwammace unguwa ta kira shi ɓarawo da 'ya'yansa su ce masa ya huta.