Neman Mundayen Inna Cikin Ɗari

Shekarun baya can, lokacin da kuɗin fetur suka fara shiga gari, ina koyarwa a wata firamare a Kankia. Wani abokina tsohon soja ya bar mini na'urar gano ƙarfen da ke cikin ƙasa: sanda ce mai faifai a gindi, da abin sawa a kunne, in ta bi ta kan ƙarfe sai ta yi kuka. Na mayar da ita abin wasana. Ranar Asabar in bi tsohuwar kasuwa ina tono anini da ƙusoshi, mutane na cewa karatu ya taɓa kan malam.

Mahaifiyata ce ta mayar da wasan aiki. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana. Wata rana ta ce, "Kai wannan, abin nan naka yana jin azurfa?"

Na ce, "Yana ji, Inna."

Sai ta faɗa mini abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. A shekarar yunwa, muna zaune kusa da Bauranya, ta zuba mundayen uwarta a ƙaramar tukunya ta binne a ɗakinta, don kada mahaifina ya kai su kasuwa. Muka tashi ba shiri, ta ɗauka za a koma, ba a koma ba. "Ina so in riƙe su a hannuna kafin in tahi," in ji ta. A lokacin tari ya riga ya kama ta.

Kufan namu ya zama gonar wani dattijo. Na je masa da damina, ƙasa da taushi, ya ce, "Malam, dawata ta kai ƙugu, ka tone mani ita? Bari a yi girbi." Gaskiyarsa. Sai dai girbin dawa ba ya ƙarewa sai ɗari ya sauka, kuma nan wahalar take.

Ɗari maƙiyin wannan na'ura ne. In ƙasa ta bushe ƙamas, jinta ba ya nisa, abin da ya ɗan yi zurfi sai ta wuce shi shiru. Batura kuma sanyi ke shanye su. Sai in cire su in cusa a hammata kamar kaza a kan ƙwai, ina karkarwa, kafin su yarda su yi aiki. Ga Fulani sun sauka a gonar kamar yadda aka saba bayan girbi, shanu su ci kara su bar wa mai gona taki. Sun tattake wurin ya zama daɓe. In na sara da diga sai ta dawo mini. Hannuwana suka tsattsage, faso ya hana ni sa takalmi, abin da na tara kuwa gwangwanaye ne da guntun fartanya.

Har dabara na yi, irin ta mai ilimi. Na aro jaki da tuluna, wai zan jiƙa ƙasar. Matan da ke jiran layi a rijiya suka yi mini ca, wata ta ce, "Mu ba mu samu na sha ba, malam na shayar da kufai." Ruwan ma kafin in juya ƙasa ta lashe shi. Na mayar da jakin mutane da kunyata.

Duk yammar da na dawo a kan keke, ina tarar da Inna gefen murhu cikin bargo. Ba ta tambaya, hannuna kawai take kallo. Na gaji, wallahi na gaji. Ranar nan na ce, "Inna, a bari ruwan farko ya sauka. In ƙasa ta jiƙe, na'urar za ta ji su."

Ta yi tari mai tsawo, ta ce, "To. Allah shi kai mu."

Ba ta kai ba. Ta rasu ɗari bai gama janyewa ba.

Da ruwan shuka ya sauka ban yi niyyar komawa ba. Dattijon ne ya aiko, in zo da sassafe kafin ya sa iri. Na je don kada in watsa masa ƙasa a ido. A wurin da na bi ya fi a ƙirga, har da sawun digata a gefe, na'urar ta yi kuka da ƙarfi. Da hannu na ƙarasa tonon. Tukunyar ta fashe, mundayen sun yi baƙi, amma suna nan.

Na zauna dirshan a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Dattijon yana tsaye da sungumi. Can ya ce, "Allah shi jiƙan ta, Malam. In ka gama, rana na yi."

Mutane kan ce darasin haƙuri ne, komai da lokacinsa. Na ji, ban musa ba. Mundayen suna hannun ƙanwata, na'urar kuwa ban sake kunna ta ba. Ni dai har yau in ɗari ya shigo gajiyar nan ce take dawo mini a kafaɗu. Watanni kaɗan ne tsakanin Inna da mundayenta, kuma ban iya haɗa su ba.