Furen Lallen Inna

A wajenmu, in ka ga mace tana shanya ganye, to ko miya ce ko magani. Babu mai busar da fure don ajiya kawai. Ni na yi, kuma har yau in na tuna yadda abin ya ƙare sai zuciyata ta hau tafasa.

Akwai bishiyar lalle a bayan ɗakin Inna, mahaifiyata, a Kaikai, inda take alwala. In ta fitar da ƙananan furanninta farare, Inna takan tsinko ta watsa cikin kayan sawarta, don haka duk wanda ya taɓa kwanciya a cinyarta ya san ƙamshin. Shekarar da ta rasu, kafin in koma ɗakina a Kankiya, na tsinki cikin tafi. Na baza a faifai cikin inuwa, don rana tana cinye ƙamshi, ina juyawa da yatsa har suka bushe suka yi ruwan ƙasa. Na ƙulle su a yankin tsohon kallabinta, na tura ƙasan kwalla, ƙarƙashin zannuwa. Ba a jima ba yayyena maza suka sare bishiyar suka gina ɗakin ajiye hatsi a wurin. Ƙullin nan shi kaɗai ya rage min.

Ban faɗa wa kowa ba, don cewa za a yi ba ni da tawakkali. In kewa ta ishe ni sai in saki labule, in kwance ƙullin, in shaƙa, in mayar.

Sai zazzaɓi ya kama 'yata, wadda aka sa wa sunan Inna. Yayar mijina ta zo daga Kunduru taya ni jinya. Mace ce mai zafin nama, in ta ɗau tsintsiya har abin da ba ka ce ba sai ta share. Rannan na kai yarinyar asibiti aka yi mata allura. Da muka dawo, tun daga zaure na ji ƙamshin Inna ya cika gida. Na ruga ciki. A tsakar gida ga Yaya tsaye kan kasko tana tona garwashi da kara, ƙullin kallabin Inna yana ci da wuta.

"Ke dai gode ma Allah," in ji ta. "Zane ni ke nema cikin kwallarki, sai ga wanga ƙulli. Shi ya hana ma ɗiyar ga lahiya. Maƙiya ba su barci."

"Yaya, furen lalle ne! Na Inna ne, ni na ajiye!"

"Ke mi kika sani? Wa ke ƙulle hure cikin tsumma in ba mugu ba? In ma ke kika ƙulle, to sa ki anka yi."

Na cusa hannu cikin kaskon, na ƙone yatsu, ban fito da komai ba sai toka. Ina kuka, ita tana ce wa maƙwabtan da suka leƙo wai su gani, sammun ne ya fara sakina. Mijina ya dawo ya ce in yi haƙuri, ai alheri ta nufa. Alheri! Ta buɗe kwallar da ba tata ba, ta ga abin da ba ta sani ba, me zai hana ta jira ta tambaye ni? Bakinta ciwo yake yi?

Abin da ya fi ci min rai, allurar ta yi aiki, yarinya ta miƙe, shi ke nan Yaya ta samu labari. Biki ko suna sai ta ba da shi, kuma kullum ƙullin ƙara girma yake. Bara na ji har gashi da farce sun shiga ciki. Masu ba da haƙuri suka ce in tsinki wani, ai lalle ba wuya yake ba. Na tsinka. Ba shi ne ya sha ruwan alwalar Inna ba.

Yarinyar ta girma yanzu. Da Sallar bana ta durƙusa gaban gwaggon tata, na ji da kunnena tana cewa, "Gwaggo, Allah ya saka da alheri, an ce ke kika ƙone abin da ya so kashe ni." Mai sunan uwata ce ke faɗin haka a kan furen kakarta. Yaya ta juyo ta dube ni, tana jira in ce amin. Ban ce ba.