Ƙwayar da Yayana Ke Noma da Ita

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kudu, babu wanda ya kai ni zafi a kan masu shaye-shaye. In na ga matashi yana layi a bakin tasha, sai in tsuke fuska in ce iyayensa ne ba su tsawata ba. Gani nake na gama sanin duniya, alhali ko gidanmu ban gama sani ba.

Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Basirka, a ƙasar Gwaram. Tun rasuwar mahaifinmu yayana ne ya riƙe gonaki, shi ya ciyar da mu, shi ya tsaya na yi karatu. Mutum ne mai kunya, ko goro bai dame shi ba, kuma sahun farko ba ya wuce shi a masallaci.

Wata damina, ana tsakiyar noman riɗi, matarsa ta kira ni tana kuka. Ta ce ya yanke jiki ya faɗi a gona yana shure-shure, sai a amalanke aka kawo shi gida. Kafin in isa, mutanen gari sun gama yanke hukunci. Wasu sun ce iska ce ta buge shi, wasu sun ce sammu ne saboda riɗinsa ya fi na kowa kyau. Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, ya farfaɗo. Bayan mako biyu ya sake faɗuwa.

A zuwana na biyu ne matar tasa ta ja ni bayan rumbu, ta kwance bakin zaninta, ta zube min fankon katin magani a hannu.

"Malam, wannan nake tsinta a aljihunsa in zan yi wanki. Tsoro ya hana ni faɗa wa Inna."

Tramol ce. Ashe shekara biyu kafin nan, da ya faɗi a babur ya bugu a baya, wani mai kemis ya ba shi ita. Ciwon ya lafa, ya ga yana noma tun safe har la'asar ba gajiya. Ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma abin da shi kansa ya daina ƙirgawa.

Ni kuwa sai na yi abin da nake ganin shi ne jarumta. Na bincike ɗakinsa, na tattaro duk abin da na samu, na watsa a murhu a gabansa, na ɗora da wa'azi mai tsawo. Shi kuwa ƙasa kawai yake kallo. Kwana biyu bayan nan jikinsa ya rikice: gumi, karkarwa, amai, ga ciwon gaɓoɓi. Ya riƙe min hannu ya ce, "Don Allah ka taimake ni, ko rabi ne." Ko ranar da aka binne mahaifinmu ban ga hawayensa ba, sai ranar.

Kawunmu ya kawo shawarar a kai shi gidan mari, a ɗaure shi har abin ya fita daga jikinsa. Mahaifiyata ta ce a'a.

"Ɗan da ya ciyar da gidan nan ba za a sa masa mari ba ina raye." Sai ta juyo kaina. "Kai da ka yi boko, je ka nemo mana inda ake maganin wannan abu."

Gaskiya ban san inda ake yi ba. A zatona irin wannan magani sai masu hali, a can manyan birane. Na koma Birnin Kudu na shiga asibitin gwamnati ina sanɗa kamar ɓarawo, kada wani uban ɗalibina ya gan ni. Na samu wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya, na ce mata wani maƙwabcinmu ne ke shan ƙwaya. Ta dube ni ta saman tabarau.

"To, ka kawo maƙwabcin naku. Kuma kada ku yanke masa ita rana ɗaya, jikinsa zai wahala."

Na ji kamar in nutse. Na ce, "Hajiya, ba za a kira masa hukuma ba?"

"Nan asibiti ne, ba caji ofis ba. Kati zai yanka kamar kowa, ya ga likitan ƙwaƙwalwa. In abin ya fi ƙarfinmu, mu tura shi gaba."

Da na koma ƙauye na faɗa masa, sai ya juya min baya. "Wajen mahaukata za ka kai ni?" Inna ba ta yi gardama da shi ba. Ɗaki ta shiga ta ɗauko mayafinta. "Tashi mu je tare. In za a ce mahaukaci, a ce mu biyu ne." Haka muka shiga mota mu uku.

Na zaci likitan zai fara da faɗa, har na gyara zama in taya shi. Sai ya dubi yayana ya ce, "Malam, ina ke maka ciwo?" Nan yayana ya fara magana. Ya faɗi yadda bayansa ke hana shi sunkuyawa, da yadda yake tsoron in ya kwanta jinya gidan zai rasa abinci. Duk cikinmu babu wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar. Likitan ya yi mana bayani cewa jiki ne ke sabawa da ƙwayar har ya kasa aiki sai da ita, kuma yawanta ne ke jawo faɗuwar nan da muka ɗora wa aljanu.

An kwantar da shi na wasu makonni, aka duba bayan nasa, daga baya ya riƙa zuwa ganin likita daga gida. Ba a miƙe abin ya tafi ba. Da kaka ta yi, aikin yankan riɗi ya taso, ya koma ya sha. Shi da bakinsa ya faɗa wa likita, aka ci gaba daga inda aka tsaya.

Yau shekaru ke nan rabonsa da ita. Ya rage gona, yana hutawa in rana ta take, kuma gidan bai rasa abinci ba. Har yanzu in na tuna irin kalaman da na jefe shi da su, sai in ji nauyi a ƙirjina. Na nemi gafararsa, ya ce ya wuce, amma ni bai wuce min ba. Abin da na gane shi ne, mai wannan lalura ba tsawa ce ta yi masa ƙaranci ba, wanda zai saurare shi ya raka shi asibiti ne ya rasa.

Bara ina gida, wani dattijo daga ƙauyen gaba ya zo da hantsi, ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya faɗi cewa 'yarsa ce, maganin tari take sha. Yayana bai tambaye shi komai ba. Ya tashi ya fito da babur ya ce, "Baba, je ka ce ta shirya. Ni zan kai ku, na san ƙofar."