Gardamar Tele Da Ta Sa Aka Sauke Mu Daga Mota

Shekarun baya, lokacin ina ɗinki a Gaya, akwai wani fim mai dogon zango a tele, wato talabijin, da ya kama mu a fadarmu ta shan shayi. Labarin wata daular mayaƙa ce a can sararin samaniya, mutane masu fata irin ta tsari, ɗan'uwan damo, jiragensu na yawo tsakanin taurari. Da Faransanci suke magana, mu ji rabi mu cike rabi da kanmu.

Manya biyu ne a daular, ba sa ga maciji da juna. Akwai tsohon da ke kan mulki, yana son sulhu da maƙwabta don yaƙi ya cinye musu abinci. Akwai kuma wani janar matashi da ke cewa sulhu na matsorata ne. Ni ina bayan tsohon. Abokina, wanda muka taso unguwa ɗaya, ko a mafarki janar yake yabo.

Wata safiya muka hau motar haya za mu taron suna Karakara. Lokacin ƙasa na cikin ɗar-ɗar, hanya duk shingen jami'an tsaro. Mu kuwa ko a jikinmu. Muna fita gari muka ɗauko gardamar jiya.

"Wallahi tsohon nan ba zai kai ƙarshen wata ba," in ji abokina. "Sojoji duk suna bayan janar. Masu gadinsa ma an saye su."

Na ce, "Janar ɗinka maci amana ne. Ya taɓa tsohon ya gani, jini zai kwarara har gwiwa."

"Sai ya kwarara! Ni na san ranar da za a yi."

Nufinsa ranar da za a sa kashi na gaba. Ban lura motar ta yi tsit ba sai da matar da ke kusa da ni ta janye ɗanta ta rungume.

A shinge na gaba, wani fasinja mai farar riga ya sauka ya yi wa wani mai kaki raɗa. Aka leƙo ta taga. "Ku biyun nan, ku sauko da kayanku." Direba bai ko dube mu ba, ya ja motarsa. Na tsaya ina kallon bayanta.

Aka karɓe katinmu da wayoyinmu, aka raba mu. Ni aka zaunar da ni ƙasa a bayan wata rumfa, bakin bindiga na kallon ƙafata. Shugabansu, mutum mai sanyin murya, ya tsuguna gabana.

"Wane janar ne?"

Sunan janar ɗin ya ɓace mini. Wallahi sunan da nake zagi kullum! Na ce, "Shef, ba na nan ba ne, na sama ne."

"Na sama? Manyan Yamai kake nufi?"

Na tuna mahaifiyata, ko sallama ban yi mata da kyau ba. Na shiga ba shi labarin fim ɗin. Ya saurara, ya tashi ya nufi wurin abokina. Da ya dawo fuskarsa ta ƙara ɗaurewa.

"Maganarku ba ta zo ɗaya ba. Kai ka ce janar azzalumi ne, shi ya ce shi zai ceci ƙasa. Waye maƙaryaci?"

Ashe ko a gaban bindiga ɗan banzan nan bai saki janar ɗinsa ba.

Muna nan har rana ta take. Na ji suna maganar mota da za ta kai mu Doso. Sai Allah ya sa wanda ke binciken wayar abokina ya faɗa kan wani guntun fim ɗin. Ya miƙa wa shef. Ya daɗe yana kallo, masu fatar tsari na ta ihu da harbin wuta. Bai yi dariya ba. Ya sa aka kawo mu gabansa.

"Samari, da wata rana ce, da wani kuka samu ba ni ba, da iyayenku sun daɗe suna nemanku. Ku tafi."

Sunan da ba mu je ba ke nan. A bayan wata motar albasa muka hau muka koma Gaya.

Yanzu in na ba da labarin mutane dariya suke, ni ma nakan taya su. Amma ban ga laifin mai farar rigar nan ba, abin da kunnensa ya ji ya faɗa. Na gane cewa magana ba inda ka nufa take sauka ba, inda aka ji ta take sauka. Har yau in mota ta rage gudu a shinge, kuma ina cikin magana, sai in nemi ƙarshenta in rasa.