Tukunyar Wankan Jegon da Inna ta Ajiye Mini

Wani mafarki na yi a daren jiya, ga shi har an yi la'asar jikina bai dawo daidai ba. Na san an ce mummunan mafarki ba a ba da labarinsa, kuma na yi tofi ta hagu sau uku kamar yadda aka koya mana. Matsalar ita ce ban sani ba ko mummuna ne. Don Allah a ɓoye sunana. Dama ko wadda ta haife ni ba ta taɓa faɗarsa ba.

Sai na ɗan ba ku labarina tukuna, in ba haka ba za ku ce tuwo na ci da yawa na kwanta. Ni ce 'yar fari a wurin Innarmu, mu takwas ta haifa. Inna irin matan da ce masu kunyar ɗan fari. Shekarata talatin da huɗu, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In ina kusa "ke" ce ni, in na yi nisa "waccan". Tun ina shekara bakwai ake ɗaura mini goyo. A cikin ƙannena bakwai, shida a bayana suka yi wayo. Da goyo na je niƙa, da goyo na je makarantar allo, da goyo na yi 'yar gala-gala da ƙawaye har suka gaji suka daina sa ni a wasa.

Shekara uku ke nan Inna ta samu shanyewar ɓarin jiki, tana ɗakin da ke jikin nawa a gidan mijina. Ƙannena maza su kira waya su ce, "Yaya, Allah ya ba ki lada." Matan kuma kowacce da 'ya'yanta. Ni ce ba ni da ɗa, don haka a wurinsu ni ce ba ni da aikin yi. Ni ke juya ta, ni ke yi mata wanka, ni ke wanke shimfiɗa.

Ga abin da babu wanda ya sani sai maigidana: lafiyata ƙalau. Shekarata bakwai da aure, kuma ba rashin haihuwa ke damuna ba. Robar tsarin iyali ce a damtsena na hagu, irin wadda ake sawa a ƙarƙashin fata. Da farko cewa na yi a bar ni shekara biyu bayana ya sha iska. Biyu ta zama huɗu, Inna ta kwanta, aka cire ta farko aka sa mini wata. Ita Inna ta ɗauka jinkiri ne daga Allah, ko dai haka na zata. Babu irin saiwa da jiƙon da ba ta sa an kawo mini ba. In karɓa da hannu biyu in yi godiya, in zagaya in tuttular a magudana. Allah ya yafe mini. Ranar Alhamis ɗin nan wa'adin robar ke cika, ko a cire a bar ni haka, ko a sa sabuwa. Maigidana ya ce ya bar ni da zuciyata, amma ina ganin yadda yake daɗewa a ƙofar gida in 'ya'yan maƙwabta sun tare shi.

Abu na ƙarshe, tukunya. A satin bikina Inna ta sayi wata ƙatuwar tukunyar dalma don wankan jegona. Ƙannena mata biyu sun haihu a gabanta, ba ta yarda an ɗora ta a wuta ba, sai dai a aro ta maƙwabta. In an yi magana ta ce, "Mai ita na nan." Ranar da aka ɗauko Inna daga gidanmu na Malumfashi da ciwo, baki a karkace, sai da ta yi ta nuni da hannu har aka sako tukunyar a mota. Tana nan kife a bayan ɗakinta.

To ga mafarkin.

Na gan ni a tsohon gidanmu, amma babu ɗaki ko ɗaya, katanga ce kawai da tsakar gida, tsakar gidan kuma ta yi faɗin da ba na hango ƙarshenta. Babu rana babu wata, amma ana ganin komai. Ina tafiya da goyo a bayana, an ɗaure shi tam da majanyi. Ban san ɗan waye ba, ban kuma tambaya ba. Ina tafe ina jijjiga shi, nauyi yana ƙaruwa. Na kai hannu baya in gyara masa ƙafa, sai na ji diddige mai faso. Na san ƙafar nan, kullum ni ke shafa mata man kaɗanya. Inna ce a bayana. Ban yi mamaki ba. Gyara goyon kawai na yi na ci gaba da tafiya.

Sai kawai na tsinci kaina a wani dogon baranda mai benci-benci irin na asibiti. Mutane ne a jere, maza da mata, kowa da goyo, kuma kowa tsoho ko tsohuwa ya goya. Ba mai magana. Ba mai zama ma, don ba a zama da irin wannan goyon. Wata tsohuwa da ke bayan wata mata ta leƙo ta kafaɗarta, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Ke wa zai goya ki?"

Tambayar da ake mini ke nan a farke, a gidan suna, a gidan biki, har a layin asibiti. A farke murmushi nake yi in ce Allah na nan. A mafarkin na buɗe baki in ba ta amsa, sai na ji bakina cike da kunun kanwa mai zafi, ba damar haɗiyewa ba damar tofarwa.

Sai kawai bayana ya yi sakayau. Na waiwaya, ga mu a tsakar gida kuma, ga Inna tsaye garau a kan ƙafafunta biyu, da ɗaurin ƙirji, kamar yadda na san ta ina yarinya. Tukunyar tana kan murhu tana tafarfasa, amma babu itace a ƙarƙashinta. Na leƙa ciki na ga ruwan baƙi-baƙi, ga saiwoyi suna juyi. Tun daga warin na gane shi. Duk jiƙon da na zubar a magudana cikin shekarun nan ne ya taru a wurin.

Ta nuna mini kujera 'yar tsugunno na zauna. Ta ɗauko damin ganyen darbejiya ta tsoma a tukunyar ta fara fyaɗa mini a baya, kamar yadda ake wa mai jego.

Na ce, "Inna, ban fa haihu ba."

Ta ci gaba da fyaɗawa. Ruwan yana tururi amma bai ƙona ni ba. Ta bi kafaɗuna, ta bi ƙuguna, daidai inda majanyi ke cin mutum ta daɗe tana gasawa. Gaskiya na ji daɗi. Tun da na yi wayo ban tuna ranar da hannun Inna ya taɓa jikina don ni ba, sai dai don ta ɗaura mini wani ko ta kwance. Na sunkuyar da kai ina kuka, ina fata kada ruwan ya ƙare.

Da ta zo damtsena na hagu sai ta tsaya. Ta ajiye ganyen. Ta ɗora babban yatsanta a kan robar ta danna a hankali. Ba ta dubi fuskata ba, dama ba ta duba.

Sai kawai aka yi sallama da wata 'yar siririyar murya. Ga ƙofa a tsaye a tsakiyar fili, ba bango a gefenta. A bakin ƙofar wata yarinya ce da ba ta wuce shekara huɗu ba, ba takalmi, an yi mata rabin kitso an bar rabi. Bayanta babu komai, fari fat. Tana da wushiryar Inna da kunnuwan maigidana. Ba ta tsallako ba, ta dai riƙe gefen ƙofar.

Ta ce, "Kira ni in shigo."

Ba wanda ya faɗa mini sunanta, amma na san shi. Sunan Inna ne, takwara aka yi mata. Ni kuwa tun da nake ban taɓa kama sunan Inna da bakina ba. Ko a asibiti in an tambaya, rubutawa nake yi in miƙa. Na ce, "Ummi, zo." Ta girgiza kai. Na ce, "Mama, shigo mana." Ta ce, "Ba shi ba ne." Na yi ta ƙoƙari, harshena ya manne a dasashi.

Na juya wurin Inna ko za ta taimake ni. Ita ma ashe bakinta a buɗe yake, ni take fuskanta, leɓɓanta sun haɗa harafin farko na sunana. Ina kallo bakin ya karkace kamar yadda ciwo ya mayar da shi, sautin bai fito ba. Haka muka tsaya mu uku, kowacce tana jiran a kira ta.

A nan ne na lura da abin da ke ɗaya hannun yarinyar. Majanyina ne, a ninke. Ta ɗaga shi ta ce, "In na shigo, ni ma goya ki zan yi?"

Na so in ce mata a'a. Na so in ce wasa za ki zo yi, da makaranta, ba wanda zai ɗaura miki kowa. Amma ko a mafarki na kasa yi mata ƙarya. Duk lokacin da na ji zuciyata ta karkata ga haihuwa, in na bi diddigi, tsoro nake tararwa a ƙasa: kada in kwanta irin kwanciyar Inna babu mai juya ni. Kuma na san abin da mai juyawar take ji. Akwai ranar da nake wanke zanin gadon Inna karo na uku kafin azahar, na ji zuciyata ta ce yaushe wannan zai ƙare. Na san ƙarshensa guda ɗaya ne. Na zauna a bakin famfo na yi kuka har hannuna ya bushe da kumfa. Ina son uwata, Allah ne shaida, amma na faɗi hakan a zuciyata. Ba na so in haifi wadda za ta zauna a bakin famfo saboda ni.

Na tsura wa majanyin ido. Tukunyar ta fara ambaliya, ruwan ya malale tsakar gida ya kai mini idon sawu. Yarinyar ta ja da baya kada ya taɓa ta. Ba kuka take ba, ba fushi ba, kallona kawai take tana ja da baya, har na daina bambance ta da farin da ke bayanta. Yatsan Inna yana nan a damtsena. Da shi na farka, ana kiran assalatu.

Na yi tofina, na tashi na shiga ɗakin Inna in tayar da ita ta yi alwala. Yadda muke yi kullum, in durƙusa a gabanta in rungumo ta, ita kuma ta kama ni da hannunta na dama, mai lafiyar. Ta kama damtsena na hagu. Babban yatsanta ya sauka daidai kan robar, kai tsaye, ba lalube. Sai a lokacin na tuna shekara uku ke nan a wurin take riƙe ni, sau biyar a rana. Ni da nake ganin na iya ɓoyo, ko sau ɗaya ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Da na zaunar da ita ba ta sake ni nan da nan ba. Da nauyin harshen nan nata ta ce, "Ke. Tukunyar nan, a kai wa Saude."

Saude autarmu ce, cikinta wata takwas.

Na ce, "Inna, ai kin ce mai ita na nan."

Ta saki hannuna, ta miƙo nata in zuba mata ruwa. Muka gama alwala, kuma yau ko da aka kawo jiƙon da ake kawowa duk Talata, ba ta ce in sha ba.

Masu cewa haihuwa ta Allah ce, na sani. Masu shirin zagina, ku yi haƙuri, na riga ku. Fassara nake nema wurin wanda Allah ya ba sani. Me ya sa ruwan bai ƙona ni ba? Yarinyar nan tafiya ta yi ke nan, ko tana nan a bakin ƙofa? In na kira ta alhali ban iya amsa tambayarta ba, na yi mata adalci? Tukunyar tana nan a kife, na je zan ɗauka sau biyu na dawo, ga Alhamis saura kwana biyu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar Inna. Kwance mini goyon ta yi, ko cire rai ta yi da ni?